Hawayen Clifford

Gadon asibitin ya maƙale a ƙofar falo, rabi ciki rabi waje, ma'aikata biyu suna ta juya shi suna zagin wanda ya gina gidajen layin. Beryl Wragg na tsaye da butar shayi a hannu tana ce musu su cire ƙyauren kawai, haka aka yi a gidanta lokacin ciwon mijinta. Ba su saurare ta ba sai da suka kankare fentin bango.

Maƙwabcinta Clifford Oldale, mai gidan, yana zaune gefen taga, bargo a gwiwa, robar iska a hanci, yana kallon gadon da aka kawo masa ya mutu a kai.

Da suka samu ya shiga, babbansu, wani mai tumbi da zanen tawada a fatar wuya, ya miƙe yana haki. Idonsa ya faɗa kan hoton da ke saman murhu. Ya dubi hoton, ya dubi tsohon.

"Tsaya. Baba, ba kai ne mai kukan nan na cikin bidiyo ba?"

"Wani ne."

"Haba Baba, ga kunnen nan." Ya zunguri abokinsa. "Da waƙar nan na yi rawar aurena." Ya soma kaɗa ta da baki yana zaro waya. "Hoto ɗaya, saboda matata."

Beryl ta dire butar ta shiga tsakaninsu. "Gado aka aiko ku ku kawo ko hoto? Kun ci mana bango, ya isa. Ku kama hanya."

Ba laifinsa ba ne. Duk wanda ya tashi a Sheffield ya san waƙar. A shekarar 1983, wata huɗu da rufe masana'antar ƙarfe ta ƙasan layin, wasu samari uku suka ɓullo, ido rambaɗe da kwalli, gashi a miƙe, ba ganga ba jita, sai akwatunan lantarki masu maɓallai. Suka yi waƙa mai suna Birni Ya Yi Barci, suka ce a cikin masana'antar za su ɗauki bidiyonta, suna neman korarrun ma'aikata su tsaya a baya da shebur. Ƙungiyar ma'aikata ta ce kada kowa ya je, ba za a mai da yunwar mutane abin rawa ba. Mutum tara suka je. A ƙarshen bidiyon kyamara ta matso fuskar Clifford, hawaye biyu suka gangaro masa. Waƙar ta yi mako biyar tana ta ɗaya a ƙasar. Fuskar ta hau kwalin faifai, ta hau riguna, kuma har yau in jarida za ta yi maganar garuruwan da aka kashe, ita ake ɗaukowa.

Washegari 'yarsa Denise ta iso daga Leeds da littafin rubutu. Mace ce mai tsari, shekara hamsin da biyu, ba ta iya zama hannu banza, balle da tsoro a cikinta. Ta wanke labule, ta jera magunguna, ta zauna a kicin da Beryl tana magana ƙasa-ƙasa, ta manta bangon gidajen nan kamar takarda ne.

"Na tambaya a gidan ƙona gawa, Anti Beryl. Waƙa uku suke ba mutum: ta shiga, ta tsakiya, da ta lokacin da labule zai rufe akwatin gawar. Ta rufe labulen ai ba sai an faɗa ba. Har na rubuta wa Adrian, mawaƙin, ya ce zai aiko fure."

"Ubanki bai mutu ba tukuna."

"Na sani. In ban yi wani abu ba haukacewa zan yi."

Da Denise ta fita sayo madara, Clifford ya buga ƙarfen gado da cokali. Beryl ta leƙo.

"Zo nan, tsohuwa."

"Wa kake ce wa tsohuwa? Dubi kanka."

"Zauna. Na ji ta." Ya tsaya ya tara numfashi. "Kada ki bari a sa min waƙar nan."

"To ka gaya mata mana. Bakinka ai bai mutu ba."

"Na gaya mata sau uku. Cewa take kunya ce." Ya juya ido wajen hoton saman murhu, wanda Denise ta sa a gilashi tun tana makaranta. "Beryl, ban yi kuka ba ranar."

Ta jawo kujera ta zauna.

"Mai ɗaukar hoton ne ya ce fuskata ta yi. Ya ce in yi kuka, na ce ban iya ba. Wata yarinya ta zo da 'yar kwalba, man zafi irin na mura, ta goga min ƙarƙashin ido. Suka ƙara min fam biyar a kan na sauran. Lokacin da kike ganin hawayen nan, tunanin da nake yi shi ne ko kantin nama bai rufe ba."

"Yara na jin yunwa, Cliff. Kowa ya san yadda aka yi shekarar."

"Yaran Walter ma na jin yunwa. Bai shiga ba." Walter Shirtcliffe abokin aikinsa ne na shekara ashirin, wanda tun ranar bai sake ce masa ko sannu ba, ga su layi biyu ne tsakaninsu. "Mutane sun yi kukan gaske a garin nan. Mijinki ya yi, a bayan gida, na ji shi ta katanga. Ba wanda ya ɗauke shi hoto. Ni da aka shafa wa mai, ni ake nunawa. Shekara arba'in ana tare ni a kanti ana riƙe min hannu. Na gaji. Ba na so in tafi da ita a kunne."

"Denise ta sani?"

"A'a. Kuma kada ki gaya mata. Da shi take taƙama tun tana 'yar sha biyu, ba ta da wani abu nawa da ya wuce shi."

"Wato in hana waƙar, kuma kada in faɗi dalili."

"Ke ai ba a rasa ki da dabara."

Beryl ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma ba ta manta abin da aka yi mata, alheri ko tsiya. Tana iya lissafa maka waɗanda ba su zo jana'izar mijinta Stan ba, gida-gida. Tana kuma sane da wanda ya yi wata bakwai yana tsallako katanga kowace safiya ya yi wa Stan aski, ya ɗauke shi cak ya kai shi banɗaki lokacin da huhunsa ya ƙare, bai taɓa karɓar ko godiya ba. Wannan yana wuyanta shekara goma sha ɗaya, ba ta samu inda za ta sauke ba.

"To," ta ce. "Na ji."

Ya yi kwana tara a gadon. Nas na zuwa safe da yamma. Abinci ya koma cokali biyu na kunu, daga nan ya koma soso mai ruwa a leɓe. Ranar Talata da hantsi, motar shara na layin tana ƙara, Denise na sama tana wanka, Beryl na jiƙa masa baki, ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, ta jira na biyu bai zo ba. Ta jira har motar ta wuce kwana. Sannan ta zare masa robar hanci, ta rufe masa ido, ta kashe injin iskan, gidan ya yi tsit. Ta tsaya ƙasan bene ta kira sunan yarinyar sau ɗaya.

Sai da aka kwana biyu Beryl ta tayar wa Denise da maganar. Suna ninke kayansa a falo, an riga an zo an ɗauke gadon.

"Denise, waƙar nan. Ya ce kada a sa."

"Haka yake cewa kullum. Baba ai ko ranar haihuwarsa ba ya so a yi."

"Wannan daban ne. Ya sa ni na yi alkawari."

"Anti Beryl, maganin da suke ba shi fa. Ranar Lahadi ce min ya yi akwai kare a kan kabad."

"Da hankalinsa ya faɗa. A sa masa ta coci, ko ta ƙwallo. Ko a rufe labulen shiru, ba wanda zai mutu."

Beryl ta gwada duk ƙofar da ta sani. Ta ce waƙar rawa ce, ba ta dace da gawa ba. Ta ce tsofaffin ma'aikata za su zo, ransu zai ɓaci. Ta ce ita kanta kiɗan yana sa mata ciwon kai. Har ta ɗauki bas ta je wurin mai shirya jana'izar, wani saurayi mai laushin murya, ya ba ta shayi ya ce yana jin ta sosai, amma 'yar mamacin ce mai sa hannu.

Da Denise ta ji an je bayan idonta, ta tsallako gidan Beryl ba ko ƙwanƙwasawa.

"Ubana ne ko naki?"

"Naki ne."

"To me ya sa? Gaya min dalili ɗaya. Kin san shi. Bai taɓa rungume ni ba. Ranar da Mama ta mutu tsayawa ya yi yana gyara famfo. Wuri ɗaya tak na taɓa ganin abin da ke cikin mutumin nan, a bidiyon nan ne. In na kalla sai in ce, to, ashe yana ji. Shi kike so ki cire min?"

Maganar na bakin Beryl. Kalma biyar ce, in ta faɗe ta an gama, waƙar ba za ta shiga ɗakin ba. Ta dubi yarinyar da ta goya a wannan kicin ɗin, ga furfura ta fara fito mata a goshi. Abu biyu Clifford ya roƙa, kuma ta ga ba za su yiwu tare ba. Ta auna wanda in ya karye ba ya gyaruwa.

"Ba ni da dalili," ta ce. "Ya dai faɗa."

"To za a sa."

"Ki sa. Amma ba da ni a zaune ba."

Ranar jana'izar ana yayyafi. Ɗakin ya cika fiye da yadda aka zata, har da baƙi masu furfura sanye da rigar da ke da fuskarsa a ƙirji. Furen Adrian ya fi akwatin gawar faɗi. Beryl ta zauna layin gaba kusa da Denise, da sandarta mai ƙafa huɗu. Aka yi ta shiga, aka yi ta tsakiya, wata mata da ba ta taɓa ganin Clifford ba ta karanta tarihinsa daga takarda, ta kira shi fuskar wahalar garin nan. Sannan ta danna maɓalli. Labule ya motsa, gangar injin ta fara bugawa.

Beryl ta dafa sanda ta tashi. Gwiwarta ba ta sauri, hanyar kuma da tsawo. Ta bi tsakiyar ɗakin taku-taku, kowa na kallonta, wasu na matsar da ƙafa. Ta ji Denise ta ce "Anti" a bayanta, ba ta juya ba. Wani mai baƙar kwat ya buɗe mata ƙofa.

A waje motar gawa ta gaba har ta iso tana jira, mutanenta na ciki suna kallon ruwa a gilashi. Beryl ta samu benci ƙarƙashin rumfa ta zauna. Kiɗan na fitowa ta bango, ba a jin muryar, sai bugun.

Ƙofar ta sake buɗewa. Walter Shirtcliffe ne, ya tsufa ya rankwafa, kwat ɗin ta yi masa yawa. Bai shigo rumfar ba, ya tsaya a fili.

"Ban san ka zo ba," in ji Beryl.

"A baya na zauna." Ya yi tari. "Shi ya ce ki fita?"

"Cewa ya yi in hana. Ban iya ba."

"Ina bakin ƙofar masana'antar ranar, muna tsaye da kwalayen zanga-zanga. Ta taga na ga yarinyar da kwalbarta."

Beryl ta ɗago ta dube shi sosai. "Shekara arba'in ka sani?"

"Ban yi masa magana ba. Ban kuma yi maganarsa da kowa ba."

"Da ka zo ka gaya masa haka. Layi biyu ne, Walter. Kwana tara ya yi a kwance."

"Na zo har kwanar gidan. Sau biyu."

 Beryl ta ajiye wannan a ranta, inda take ajiye irinsa.

"Tana da tsawo, waƙar?" ya tambaya.

"Minti huɗu."

Walter ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Yayyafin na sauka a kan sanƙonsa yana gangarowa cikin wuyan riga, bai goge ba. Direban motar da ke jira ya duba agogo, ya kashe inji. Suka kasance haka, ita a zaune shi a tsaye, har bugun ya ɗauke a bayan bango.