Itacen Bakin Rijiyar Kwaya

Shekarar da fari ya ƙone gero tun bai kai gwiwa ba, ruwan rijiyar garin Kwaya ya ja baya har sai an ƙulla igiya biyu kafin guga ya taɓo shi. Hinda matar Maikuɗi na cikin matan da ke zuwa ɗiba kullum da hantsi. Mace ce mai natsuwa, 'ya'yanta biyar, ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

A bakin rijiyar akwai gungumen itace da aka gitta, igiya ta ci shi har ya yi santsi. Mata kan taka shi da ƙafa ɗaya su ja guga. Wata rana Hinda ta hau da ƙafa biyu ta leƙa. Can ƙasa ruwan bai fi faɗin faifai ba. Tsigar jikinta ta tashi, tafin ƙafarta ya yi sanyi, ta ji bugun zuciyarta har cikin kunne. Da ta sauko sai ta ji ta sakayau, kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya. Washegari ta sake hawa. Daga nan kullum sai ta yi.

Surukarta Ƙande ce ta fara gani, ta gaya wa ɗanta cewa matarsa ta gamu da iskar rijiya. Maikuɗi ya nemo rubutu da turare, Hinda ta sha, ta yi hayaƙi ba musu. Sannan ya zaunar da ita ya tambaye ta ko rayuwa ce ta ishe ta.

Ta ce, "Wallahi Malam ba mutuwa nake so ba. Tsoron ramin nan nake ji fiye da kowa. Amma tun da rumbu ya ƙare nake kwana ina tashi kamar ba ni ba. A kan itacen nan kaɗai nake jin ina numfashi."

Maikuɗi bai gane ba, ya dai hana ta zuwa rijiya. Turai, matar ƙanensa, ta ɗauki ɗibar ruwan gidajen biyu.

Turai mai son sanin komai ce. Suna tsince garahuni a tsakar gida ta matsa wa Hinda da tambaya, har Hinda ta kwashe duk abin da take ji ta gaya mata. Ta ma kwatanta mata inda ake sa ƙafa. Turai ta yi dariya ta ce Allah ya sawwaƙe.

Kwana huɗu bayan haka aka shigo da Turai a kan amalanke. Ta hau itacen yana jiƙe, ta zame. Allah ya sa hamatarta ta maƙale a gungumen, mata suka riƙo zanenta suka jawo ta, amma hannun dama ya karye wuri biyu. Aka wuce da ita likitar Magariya, aka kwantar da ita.

A gari aka ce Hinda ce ta shafa mata iska. Wasu matan suka daina amsa gaisuwarta. Da aka sallamo Turai, Hinda ta je dubiya, ta zauna bakin ƙofa ta kasa haɗa ido da ita. Sai da ɗakin ya watse Turai ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kada ki ɗora wa kanki. Kafin in zame na ji abin da kika faɗa. Gaskiya ne."

Hinda ta so a ce zaginta ta yi, da ya fi mata sauƙi.

Hannun Turai bai ƙara miƙewa ba, ba ta iya ɗaga taɓarya. Damina ta dawo, aka sami gero. Tun daga lokacin kullum da safe Hinda kan ɗauki taɓaryarta ta shiga gidan Turai ta yi mata daka, sannan ta koma ta yi nata.