Wandon Kaka

A layin 'yan gwanjo kowa Likita yake ce mata. Ba ta taɓa aikin asibiti ba. Sunan ya bi ta ne saboda yadda take kwantar da wandon jins a kan teburi, ta juya cikinsa waje, ta kafa ɗan gilashinta a ido tana bin ɗinki kamar mai neman cuta. Shekara goma sha tara tana buɗe dila, wato ƙunshin kayan gwanjo. A cikin wando dubu da ƙyar take tsintar ɗaya tsohon gaske, irin wanda masu tara kayan da suke nema ido rufe. In ta ce wando ya shekara hamsin ta buga hatiminta a takarda, magana ta ƙare.

Ranar Litinin da hantsi tana tsugune gaban sabuwar dila, sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyarta, ya shigo rungume da leda a ƙirji. Tsohon direban babbar mota ne. Ya ajiye tuƙi, amma har yanzu magana yake kamar inji na kunne a gefensa.

"'Yar nan, ajiye tarkacen nan. Yau na kawo miki abin da ba ki taɓa gani ba."

"Sannu da zuwa, Kawu. Ina kwana? Ya Inna?"

"Lafiyarta ƙalau. Share teburin nan."

Ta share. Ya zaro wando shuɗi wanda ya koɗe a gwiwa da cinya, ya shimfiɗa, ya ja da baya yana kallon fuskarta.

"Wandon Kakanki ne. Wani injiniya ya ba shi lokacin da suke shimfiɗa layin dogo, tun ban yi wayo ba. Shekara saba'in, in ma bai fi ba. Maƙwabcina ya sa hotonsa a waya, har mai saye ya fito. Takarda kawai yake so daga hannun wanda ya san kan abin. Na ce masa ai a ɗakinmu aka haife ta."

Likita ta ji daɗi har cikin ranta. Tun tana yarinya take jin labarin wandon nan a akwatin Kawu, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta wanke hannu, ta juya ƙafa ɗaya ciki waje. Kallo ɗaya ta yi wa ɗinkin gefe murnar ta koma.

"Kawu, matso ka gani. Wandon wancan zamani a ƙaramar masaƙa ake saƙa yadinsa. Gefen yadin a rufe yake fitowa, sumul, sau da yawa da ɗan layin zare mai launi a jikinsa. Wannan yanka aka yi, aka bi bakin da keke don kada ya warware."

"To ƙila ya kai wa tela ya rage masa. Kakanki siriri ne."

Ta zura yatsa cikin ƙugun. Ta ci karo da ragowar wani farin ƙyalle da aka yanke daf da ɗinki.

"Wannan kuma ƙyallen da ake rubuta yadda za a wanke wando ne. A lokacin Kaka ba a sa shi. Wani ya yanke."

"Asu ne ya ci."

"Asu mai almakashi, Kawu?"

"Ke kin san asun akwatina ne?"

Ta ja dogon numfashi. Wata mai saye ta leƙo tana tambayar siket, Likita ta ce ta dawo an jima. Ta kama yadin da hannu biyu ta ja. Ya miƙe, ta saki, ya koma.

"Ka gani? Akwai roba a cikin saƙar."

"Tsufa ne. Ni ma fatar wuyana haka take yi yanzu."

"Taka ba ta komawa, Kawu."

Bai yi dariya ba. Ta zaro ɗan zare daga bakin aljihu, ta riƙe da hantsaki, ta ƙyasta ashana. Zaren ya nannaɗe ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo, warin ƙonanniyar leda ya tashi.

"Zaren auduga toka yake zama. Wannan narkewa ya yi. Sannan dubi gwiwoyin, hagu da dama koɗewarsu iri ɗaya sak, kamar an auna. Ba wanda yake durƙusa haka. Goga shi aka yi. Kawu, wandon nan bai kai shekara goma sha biyar ba."

Kawu ya dafa teburin da hannu biyu.

"Wato ubana maƙaryaci ne."

"Ban ce ba."

"To ni ne maƙaryacin."

"Wandon nake magana a kai."

"Ni na goya ki a wuyana na kai ki makaranta! Yau hatimi ɗaya, tambari ɗan wannan, shi za ki hana ni? Wa zai sani?"

"Mai sayen zai sani. Minti biyu zai yi da shi a hannu ya gane, daga nan kuma ba mai ƙara kallon takardata."

"Bari na kira miki shaida." Ya ciro waya ya kira matarsa Inna, ya buɗe murya yadda duk layin zai ji. "Ke, gaya wa 'yar nan. Wandon Baba da ke akwatina, tun da kika zo gidan nan wani ya taɓa shi?"

Aka ji ƙarar ruwa a bokiti ta wayar. Can Inna ta ce, "Kai mata ka yi?"

"Na kai mata. Ta ce na jiya ne."

"To ku zo gida."

Haka Likita ta rufe shago ranar buɗe dila, ranar da masu sari suke zuwa tun kaya na da zafi. Duk hanya Kawu yana lissafa mata mutanen da suka ga Kaka sanye da wandon, kuma duk sun rasu.

Suka tarar da Inna a tsakar gida tana shanya. Ta amsa gaisuwar Likita, ta goge hannu a zani, ta ƙi kallon mijinta.

"Shekara takwas ke nan," in ji ta. "Lokacin da rufin ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin. Kana hanya, wata biyu ba ka dawo ba. Da na buɗe, ƙugun wandon ya ruɓe, yana fita a hannu. Na san halinka. Sai na sayo wani, na goge shi da dutse, na jiƙa a ruwan bilic, na yanke ƙyallen ciki, na mayar."



"A ina kika saya, Inna?" Likita ta tambaya.

"A shagonki mana. Har ragi kika yi mini."

Likita ta dafe kai. "To na gasken fa? Kin yar?"

"Haba, yadi mai ƙwari haka? Ƙafa ɗaya na yi tsumman goge ƙasa, ta daɗe da ƙarewa. Ɗayar ga ta can."

Ta nuna igiyar shanya. A ƙarshenta wata doguwar jaka ce a rataye, an ɗinke gindinta, cike da 'yan maƙalan shanya. Likita ta sha wucewa ta ƙarƙashinta in ta zo gaisuwa. Ta sauke ta, ta zazzage a ƙasa, ta juya cikin waje.

Ga gefen yadin nan a rufe, sumul, da siririn layin zare da ya koɗe. Ta murza yadin, mai nauyi ne, saƙarsa ba ta kwanta daidai ba, irin ta tsohuwar masaƙa. Ɗinkin gefe ya karkata ya zagayo gaba kamar yadda na da suke yi bayan wanki. Ta roƙi ashana a kicin, ta ƙona ɗan zare. Ya zama toka, ta hure.

"Inna," ta ce, "shekara goma sha tara nake neman irin wannan. Shekara takwas yana rataye a rana da ruwa, ina wucewa ina gaishe ki!"

"To ai ba ki tambaya ba. Akwai aljihun baya ma, da shi nake sauke tukunya."

Inna ta ɗauko. Rabinsa ya ƙone ƙurmus. Likita ta taɓa kusurwar da ta rage, ta ji ɗan ƙarfe a ɓoye ƙarƙashin yadin, irin ƙusar jan ƙarfen da aka daina ɓoyewa a aljihun baya tun da daɗewa. Ta zauna a kan bokitin da aka kife.

Kawu ya karɓi jakar. A gwiwar akwai wani faci da aka yi da baƙin zare, manyan ɗinki a karkace. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.

"Shi ya yi wannan da hannunsa," ya ce a hankali. "Ni na zura masa zaren. Idonsa ya fara rauni lokacin."

Inna ta tsuguna tana tsince maƙalanta. Likita har ta fara jin tausayinsa, sai ya ɗago.

"'Yar nan, in aka yanke ƙafar wancan aka jona wannan fa? Rabi da rabi. Sai ki rubuta shekara arba'in."

"Kawu!"

"Tambaya na yi."

A ƙarshe ta rubuta takarda a kan abin da ta gani kawai: ƙafar wando ɗaya da rabin aljihu, aikin da ya haura shekara sittin. Ta buga hatimi. Mai sayen ya ga hoto ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kawu ya ce daman ba zai sayar ba, wa yake sayar da ɗinkin ubansa? Ya kai aka sa masa ƙafar da takardar a gilashi ya rataye a falo. Inna ta ce ita fa a biya ta jakarta, sai da Likita ta yanke ƙafar jabun ta ɗinka mata wata.

Ranar Alhamis ta fito da wuri don ta ƙarasa dilar da ta bari. Tun daga bakin layi ta hango dattawa uku zaune a bencin ƙofar shagonta, kowanne da leda a cinya. Abokan hirar Kawu ne.

"Ke ce Likita?" in ji na farkon. "Kawunki ya ce kin gano nasa ya shekara ɗari."

"Sittin na rubuta, Baba."

"To duba nawa. Na wana ne."

Ta buɗe ledar. Wandon wasan motsa jiki ne, mai roba a ƙugu. Ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta buɗe shago, ta ce su shigo ɗaya bayan ɗaya.