Awon Takun Mama Martha

Akori-kurar na tsaye bisa duwatsu huɗu a garejin Malam Lawal da ke Makera. An cire tayoyi, an sauke bodi gefe, ya rage shasi kaɗai, dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da mota, a fili kamar haƙarƙarin saniya a mahauta. Rebecca na durƙushe kusa da shi, ta danne takardar zanenta da notuna huɗu. Shekara guda ke nan da ta gama karatun injiniya a Zariya. Wannan ne aikinta na farko, kuma mahaifinta ne ya ba ta.

"Inci goma sha biyu daga ƙasa," in ji mahaifin, Baba Nicholas, tsohon direba, yana nuni da sandarsa. "Kada a ƙara ko ɗaya."

"Ashirin," in ji Malam Lawal, bai ko ɗago daga shayinsa ba. "Nikolas, mota kake so ko tabarma? A sha biyu, ramin farko na hanyar Mahuta zai kwashe mata ciki."

"Wane rami? Soja sun koma bariki, mutumina. Sabon kansilanmu ya rantse kafin Kirsimeti an zuba kwalta."

"To, ka kawo motar bayan Kirsimeti. Ni ba na yanka ƙarfe a kan rantsuwar kansila."

Mako uku ke nan suna wannan ja-in-ja, ga taron Zumuntar Mata na Kagoro saura wata guda.

Saboda taron ake duk wannan aiki. Shekara ashirin Mama Martha, mahaifiyar Rebecca, ke buga tulu a ƙungiyar matan cocinsu na Sabon Tasha, kuma a bayan wannan mota suke tafiya ko'ina, suna waƙa tun daga gida har su isa. Bara waccan gwiwa ta ci amanarta tana cikin hawa, bodin kuwa ya kai mata ƙugu. Zanenta ya kusa kwancewa, sai da maza biyu suka cicciɓe ta kamar buhun masara a gaban jama'a. Tun ranar ba ta sake zuwa taro ba. Baba ya yi ta roƙo ta zauna a gaba, ta ce a baya ake waƙa, ita ba fasinja ba ce.

Shi ya sa ya ƙudura a sauke bodin har ƙafarta ta kai, ba tare da ta sani ba. Rebecca ce ta yi awon a ɓoye. Ta ajiye bulo a ƙofar kicin, ta ce saboda ruwan sama, tana ƙara katako ɗaya duk bayan kwana biyu, har ranar da Mama ta tsaya ta ce, "Wai kicin ɗin nan gudu yake yi sama?" A ranar tef ɗin awo ya nuna inci goma sha biyu.

"Injiniya, ke kin yi shiru," in ji Malam Lawal. "Me takarda ta ce?"

Rebecca ta gyara zama. Magana a gaban manya na yi mata nauyi, sai ta bar fensir ya yi rabin aikin.

"Idan aka yanka shasin a nan, Malam, aka lanƙwasa shi ya haye kan ƙarfen tayoyin baya, sannan ya sake sauka, bayan zai yi ƙasa. Sai a rage ganyen sifirin biyu, a ƙara farantin ƙarfe a wurin walda. Ashirin zai samu lafiya. Sha biyu kuwa…" Ta saci kallon mahaifinta. "Baba, sai dai a tura ta a falo."

Malam Lawal ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ashe da falo za a kai ni Kagoro."

Duka ukun suka waiwaya. Mama Martha ce a bakin gareji, daga gwajin waƙa na ranar Alhamis, sanye da anko na Zumunta, zane biyu masu sitaci ɗaure tamau, tulunta a hammata.

"Wa ya faɗa miki?" in ji Baba Nicholas.

"Larai matar Malam, a wurin masu tumatir, tun makon farko. Sannu da aiki, Malam. Ina matakalar da aka ɗora mini a kicin? A nan ma akwai?"

Akwai akwatin katako da Rebecca ta haɗa daidai inci goma sha biyu. Baba ya jawo shi da sauri, fuskarsa cike da alfahari. Mama ta miƙa wa Rebecca tulun, ta ɗaga ƙafa. Zanen ya riƙe ta a ƙwauri. Ta sake gwadawa, yatsunta ba su ko kai rabin akwatin ba.

Sai Rebecca ta tuna. Da tsohon zanen gida mai laushi ta yi awon, wanda Mama ke ɗaurawa sakwa-sakwa tana tuƙa tuwo. Anko kuwa ba ya barin mace ta yi taku sai ɗan ƙarami.

Baba Nicholas ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cire hula. "Ke nan ko sha biyun ma ba ta yi ba."

Mama ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Direba, makaniki da injiniya. Mako uku. Cikinku akwai wanda ya taɓa ɗaura zane biyu?"

Rebecca ta sunkuyar da kai, don ita ma a siket ta yi jami'a.

Mama ta nufi bencin da Malam Lawal ke shan shayi. Ta juya masa baya, ta zauna a bakinsa, ta haɗe ƙafafunta wuri guda, ta juya su a hankali zuwa ɗaya ɓangaren. Ko gefen zanen bai motsa ba.

"Haka mace ke shiga mota idan motar na da kunya," ta ce. "Da zama, ba da tsalle ba. Matsalar waccan, sai an yi tsalle kafin a zauna."

Rebecca ta zaro tef, ta durƙusa, ta auna bencin daga ƙasa. Ta sake aunawa don ta tabbatar.

"Nawa?" in ji Baba.

"Ashirin."

Malam Lawal ya ajiye kofinsa a hankali, kamar mai tsoron ya fasa wani abu. "Nikolas, shekara talatin ina gaya maka ka riƙa jin maganata."

"Ai ba taka ba ce, ta benci ce."

"Ku ba ni tuluna," in ji Mama. Ta ɗora shi a cinya, ta buga bakinsa sau biyu da tafin hannu, sautin ya cika rumfar kwanon. "A sa ƙarfen riƙewa ta hagu, Dorcas ta ƙungiyarmu ta fi ni ciwon gwiwa. Kuma a cire mini bulon nan daga kicin."

Malam Lawal ya ciro alli daga bayan kunnensa. Maimakon ya ja layin da kansa, sai ya miƙa wa Rebecca.

"Injiniya, nuna mini inda zan yanka."