Gonar da Aka Ce Kada a Yi Mata Komai

Gonar da aka ware don kada a yi mata komai ita ce ta fi kowace ba da tumatir. Ta ba da kwando arba'in da uku. Wadda aka yi wa feshin magani ta ba da talatin da ɗaya, wadda aka kafa wa tarkon ƙwari ta ba da ashirin da takwas, wadda aka yayyafa wa ruwan darbejiya kuma ashirin da huɗu. An yi ƙidayar ƙarshe ranar Alhamis ɗin ƙarshen watan Maris, a bakin kanal ɗin da ya ratsa Gidan Jaji, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a gaban manoma kusan ashirin.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Rauda Maharazu, 'yar shekara ashirin da tara, ɗalibar digiri na biyu a fannin kare amfanin gona. Bincikenta a kan Sharon ne, tsutsar nan da ke shiga cikin ganyen tumatir ta ci shi daga ciki, sannan ta huda 'ya'yan. Malaminta, Farfesa Abdurrahman, ya gaya mata tun farko cewa dole a bar gona ɗaya ba magani, don da ita za a kwatanta sauran. Idan babu gonar kwatance babu kundi, idan babu kundi babu digiri.

A watan Nuwamba, kafin dashe, manoma huɗu suka ba da aron gonakinsu, masu girma ɗaya, a jere, suna shan ruwa daga kanal ɗaya. Don kada a ce ta yi son kai, Rauda ta rubuta abin da za a yi wa kowace gona a 'yan takardu, ta zuba a hular wani manomi, kowa ya ɗauka. Takardar da babu komai a kanta ta faɗa hannun Tambaya, dattijuwar da mijinta Ɗanladi ya rasu damina biyu da suka wuce.

Tambaya ta juya takardar gaba da baya. Ta ce, "'Yar nan, ni tawa me za a yi mata?"

"Ruwa da taki kamar ta kowa, Inna. Daga nan shi ke nan."

"Ba feshi?"

"Babu."

"Tarkon fa?"

"Shi ma babu."

"To ita me ta yi muku?"

Rauda ta yi bayani na minti goma. Ta ce idan ba a ga yadda Sharon ke yi wa gonar da aka ƙyale ba, ba za a san ko magani ya yi aiki a sauran ba. Ta kuma ce duk abin da gonar ta rasa za a cike mata gurbinsa.

Tambaya ta ce, "Na gane. Tawa ce za ta mutu don a san ta wasu ta rayu."

Ba ta ƙi ba. Aka kafa allo a bakin kowace gona. Kafin mako ya zagayo, mutanen ƙauyen sun raɗa wa ta Tambaya suna Marainiya.

Rauda tana zuwa daga Kano duk Litinin da Alhamis. Takan zaɓi tushe ashirin a kowace gona, ta ƙirga ganyen da tsutsa ta yi wa zane, ta rubuta. Makonni huɗu na farko lissafi ya tafi yadda littafi ya ce. A mako na biyar ya fara karkacewa. A na bakwai, Marainiya ta fi gonar feshi koren ganye.

Ta kai ƙasar gonakin huɗu ɗakin gwaji, aka ce ƙasa ɗaya ce. Ta auna ruwa, ruwa ɗaya ne. Ta duba inda iska ke kaɗawa. Ta kira Farfesa a waya, ya tambaye ta ko yara sun musanya allunan. Ta duba taswirarta, alluna suna inda ta kafa su. Ta tambayi Tambaya ko wani ya yi feshi a ɓoye. Tambaya ta rantse ko ɗigo ɗaya bai taɓa gonar ba, kuma gwajin da aka yi wa ganyen ya gaskata ta.

Abin ya fito fili ne wata Laraba, ranar da ba ta saba zuwa ba. Ta manta littafin ƙidayarta a gidan Tambaya, ta dawo ɗauka da hantsi, ta ce bari ta leƙa gona. A tsakiyar Marainiya ta tarar da wani tsoho ba takalmi, riƙe da 'yar ƙwarya, yana tafe tsakanin kunyoyi yana magana ƙasa-ƙasa. Marwa ne, wan marigayi Ɗanladi, mai shekara saba'in da 'yan kai, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da har yau ke bin al'adar kakanni a ƙauyen.

"Baba, sannu da aiki. Me ake yi?"

"Ba aiki nake ba, Malama. Gaisuwa na zo."

"Wa ake gaisarwa?"

"Masu ƙasa. Kafin a haƙa kanal suna nan, kafin tumatir suna nan."

"A ƙwaryar fa?"

"Tokar murhu ce. Ba a zuwa gaisuwa hannu wofi."

Rauda ta tuna masa cewa an yi alkawari ba za a yi wa gonar komai ba. Marwa ya ce shi ya ji da kunnensa, feshi aka ce da tarko da darbejiya, kuma bai yi ko ɗaya ba. Ya nuna mata kusurwar gabas, inda ya binne 'yar tukunya ranar da aka fara sakin ruwa. Da ya ga fuskarta, sai ya ƙara da cewa, "Kada ki ɗora mini ni kaɗai. Ki zo Juma'a ki ga mai tawada. Lahadi kuma mai waƙa."

Mai tawada shi ne Malam Sammani, limamin masallacin unguwa. Mai waƙa shi ne Bulus, dattijo a cocin ƙauyen. Dukansu ƙannen marigayi ne, uba ɗaya da Marwa. Washegari Rauda ta tara su uku a bakin gonar, Tambaya ta shimfiɗa ɗankwali a kan kunya ta zauna.

Malam Sammani bai yi musu ba. Ya ce duk Juma'a bayan an sauko yakan wanke rubutu ya zuba a bakin tiyon da ke jawo ruwa daga kanal, sannan ya bi kunya-kunya yana karatu. Bulus ya ce shi ba ya zuba komai. Idan an tashi daga coci yakan biyo ta nan, ya zaga gonar yana waƙa, ya yi addu'a ya tafi.

Malam Sammani ya dube shi. "Au, kai ne mai sawun nan? Na ɗauka jaki ne ya shigo."

"Jakin ne ya sa ganyen ya yi kore, Liman. Kai tawadarka ai kafin ta kai kunya ta biyu ruwa ya cinye ta."

"Waƙarka kuwa na yarda tana korar ƙwari. Ko mu tana korar mu."

Marwa ya ce, "Ku yara ne. Ni na fara zuwa. Ku kun tarar an riga an buɗe ƙofa."

Rauda ta juya ga Tambaya. "Inna, ke kika aike su?"

"Ban aiki kowa ba. Na dai je gidan kowannensu na zauna."

"Kika ce me?"

"Ban ce komai ba. Na sha ruwa na tashi."

Malam Sammani ya gyara murya. Ya ce, "Malama, ki fahimce mu. Gonar ɗan'uwanmu ce. Kin kafa allo a bakin hanya, duk mai wucewa Bunkure yana karanta cewa gonar Ɗanladi ba a yi mata komai. Da wane ido za mu kalli mutane?"

Rauda ta nemi su nuna mata yadda kowa yake yi, don ta rubuta. Suka shiga gonar a jere, tana biye da su da littafi. A nan ta lura da hannuwansu. Malam Sammani yana karatu, hannunsa na dama yana miƙewa ya tsinke ganye ya cusa a aljihu. Bulus yana waƙa, yana murtsuke wani abu tsakanin yatsu. Marwa yana yayyafa toka da hagu, dama tana tsinka. Babu wanda ya dubi abin da hannunsa ke yi.

"Malam, me ke cikin aljihunka?"

"Carbi."

"Ɗaya aljihun."

Ya zura hannu ya fito da ganye cike da tafi. Rauda ta baje su a kan littafinta. Goma sha bakwai ne, kuma kowanne da zanen tsutsa. Malam Sammani ya dube su kamar wani ne ya zuba masa.

Ya ce, "Ikon Allah. Shi ya sa maiɗakina take faɗa ranar wanki."

Rauda ta zauna a bakin kanal ta yi lissafi. Manoma uku, kowanne da shekara fiye da arba'in a gona, suna bin kowace kunya sau uku a mako suna cire ganyen da ya kamu. Ga toka. Ga kuma abin da su suka ce shi ne ainihin aikin. Ta ce akwai hanyar rarrabewa. A raba gonar biyu: a rabi su yi addu'a hannu a baya, a ɗaya rabin su tsinki ganye baki a rufe.

Bulus ya ce, "In ga tsutsa tana cin ganye, in roƙi Allah ya kawar da ita, in wuce? Ai sai ya ce da ni, Bulus, hannun da na ba ka fa?"

Malam Sammani ya ce, "Ni ko takalmi zan sa sai na yi bismillah. In na rufe baki, zuciyar fa, wa zai rufe ta? Kina da na'urar da ke auna wannan?"

Rauda ta ce ba ta da ita.

Marwa ya ce shi zai iya yin shiru, ba wuya. "Sai dai masu ƙasa sun riga sun san takuna. Ko ban yi magana ba sun san na zo."

Suka yi alkawarin dainawa. Alkawarin ya kai kwana tara. Rauda ba ta sake tambaya ba, ta dai riƙa rubuta sawun da take gani. Aka shiga tsinka a watan Fabrairu, aka gama a Maris, kwanduna suka fito yadda suka fito.

A watan Mayu ta tsaya gaban kwamitin malamai uku. Ta kawo jadawali, da hotunan sawu, da ganye goma sha bakwai a leda. Ɗaya daga cikin malaman ya ce abin a bayyane yake, ta rubuta cewa tsinkar ganye da hannu ce ta yi aiki, a wuce wurin. Farfesa Abdurrahman ya ce ya yarda tsinka tana rage ɓarna, amma bai san wani gwaji da ta fi feshi da kwando goma sha biyu ba, kuma ko ya sani, ba a wannan gonar aka nuna ba. Na ukun ya ce wataƙila toka ce. Farfesa ya ce wataƙila.

Na farkon ya ce, "To addu'a za mu rubuta?"

Farfesa ya ce, "Ban ce ita ce ba. Ban ce ba ita ba ce. Abu uku aka yi wa gona ɗaya lokaci ɗaya. Biyu muna da ma'auninsu." Ya juya ga Rauda. "Ke fa, kin yi wa gonakin addu'a?"

Ta ce ta yi bismillah ranar dashe.

"A gona nawa?"

"Duka huɗun."

"Wannan ba matsala. An raba daidai."

Kwamitin bai amince da kundin ba, bai kuma kore shi ba. Ya ba ta rani ɗaya, na ƙarshe, ta maimaita gwajin da gonar kwatance ta gaskiya.

Ta koma Gidan Jaji a watan Oktoba tana fargabar ba wanda zai sake ba ta aron gona a bari ba magani. Ta tarar da manoma goma sha ɗaya suna jiranta a bakin kanal, kowa yana so a ba shi farar takarda, wadda babu komai a kanta. Biyu sun zo da allunansu, an riga an rubuta. Ta karanta musu sharaɗin da ta tsara: mai gonar da danginsa ba za su shiga cikinta ba sai don ban ruwa da taki, kuma ba za su kai wa kowa ziyarar shiru ba. Aka yi dariya, aka nemi ta sake karantawa. Wani ya tambaya ko sharaɗin ya haɗa da surukai. Wani ya tuna mata cewa duk Juma'a liman yana roƙa wa gonakin ƙasar nan gaba ɗaya albarka, ya ce ko za a nemi ya riƙa cire ɗaya.

Za a saki ruwa a makon farko na Nuwamba. Ya zuwa Alhamis ɗin da ta wuce, manoman da ke neman farar takarda sun kai goma sha shida, kuma babu wanda ya sa hannu a sharaɗin.