Dawar Dogo da Layin Ƙasa

Loveth 'yar Dogo ce, wani manomi a ƙauyen da ke bayan Bagwai. Tana digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, tana zaune a Rijiyar Zaki kusa da jami'a. Bincikenta a kan dawar babanta ne, wani iri da ya gada, wanda ƙuduji ba ya kassara shi kamar na maƙwabta. So take ta gano sinadarin da ke cikin saiwar.

Ta tono saiwoyi a gonaki ashirin da huɗu, ta jiƙa, ta tace, ta aika wani ɗakin gwaji mai na'urar NMR, wadda ke auna sinadarai da ƙarfin maganaɗisu. Sakamakon ya dawo a kwamfuta, zane ne mai tsinaye, kowane tsini alamar wani sinadari. Sai dai layin ƙasa, wanda tsinayen ke tsaye a kansa, bai miƙe ba, ya yi ta hawa da sauka. In ba a daidaita shi ba, awo ba zai yi daidai ba.

Sati biyu ta yi tana daidaita shi da hannu, zane bayan zane. A na babanta kaɗai ta ga wani ɗan tudu mai faɗi. Da murna ta kai wa malaminta, Dakta Inuwa.

Ya duba, ya ce, "Lokacin da kike gyarawa, kin san wanne ne na Baba?"

"Na sani, Malam."

Ya ba ta wata manhaja da ke daidaita layin da kanta, da ƙa'ida ɗaya ga kowane zane. Cikin minti uku ta gama duka. Tudun ya ɓace.

Ran Loveth ya ɓaci. Ta ce, "Manhajar ce ta cinye shi, Malam. Ta ɗauka karkacewar layi ce."

"Yana faruwa, musamman ga tudu mai faɗi. Ba su aiko miki da awon ruwan jiƙon zalla ba, wanda babu saiwa a ciki? Buɗe mu gani."

Ta buɗe. Ga tudun nan a wurin, alhali ko ƙwayar dawa babu. A sauran zanen ta bi da layinta ta samansa, a na babanta kuma ta bi ta ƙarƙashinsa, ba tare da ta lura ba.

Da ta sake tantance sakamakon manhajar, sai wasu ƙananan tsinaye biyu suka fito, sun fi tsawo a gonar Dogo da gonaki biyu da ya ba iri. Dakta Inuwa ya ce gonaki uku sun yi kaɗan a yanke hukunci.

Ran Asabar ta je gida, ta tarar da Dogo yana gyaran rumbu. Ta gaya masa abin da ta zaci ta gano kuskurenta ne.

Ya ce, "To, dawar dai ta yi. Akwai mutum biyar a Rimin Gado da suka karɓi irin nan bara. In kina so, Litinin mu je."

Ta ce tana so, ta shiga ɗaki neman buhunan da za ta zuba saiwa.