Aikin da Aka Ba Baba

Allurar ta sake zamewa ta soki babban yatsan Baba Mai Agogo. Ya tsotse jinin, ya gyara zaman gilashinsa, ya ƙara damƙe ɗan bakin tagullan da filaya. Abin bai wuce kan biro girma ba, ramin da ke tsakiyarsa kuwa kamar silin gashi. Ta nan narkakkiyar roba ke fitowa idan firinta, injin ƙera kayan roba, na aiki, ta nan kuma take daskarewa ta toshe hanya.

Shagon na babban ɗansa ne, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Firintoci ne jere a dogon tebur, suna zuƙar zaren roba suna fitar da murfin rimot da maƙalin waya da haƙoran injin markaɗe. Shi Baba an ajiye masa kujera a lungu, bayan allon katako, kusa da famfo. Tun da matarsa ta rasu, hannunsa kuma ya soma rawa har ya bar gyaran agogo, kullum yake bin ɗansa shago. Gidan ba ya zaunuwa: surukarsa ta fita aiki, a ja ƙofa, a bar shi da talabijin.

Da safe Injiniya ya ajiye masa bakin a gabansa. "Baba, ya sake toshewa. In ba kai ba, ba mai iya masa."

Ya kunna ɗan murhun gas, ya gasa tagullar har robar ciki ta fara wari. Ya jingina hannuwansa a gefen tebur don rawar ta ragu, ya riƙe numfashi. Wannan karon allurar ta shige. Wani baƙin ɗigo ya faɗo masa a bayan hannu, ya manne yana cin fata, amma bai saki filayar ba. Ya zura farin zaren roba a ramin, ya jira ya huce, ya fizge. Zaren ya fito da dattin a kansa. Da ya ɗaga bakin saitin taga, sai ga haske ya ratso.

Ya miƙe yana murmushi. Bai kai ga zagayo allon ba ya ji muryar sabuwar mai karɓar oda.

"Oga, firintar can fa a tsaye take, ga mai kaya sai kira yake. In karɓo bakin a wurin Baba?"

Injiniya ya yi dariya. "Wane bakin? Buɗe durowa ki ɗauko sabo. Wancan ai matacce ne, haƙoran gindinsa sun cinye, ba injin da zai ɗauru a kai."

"To me ya sa yake ta fama da shi?"

"Ke sabuwa ce. In kin bar shi ba aiki, tare kwastoma yake da labarin agogo, hannu na karkarwa, mutane na kallona. Shi ne na samo masa abin wasa. In ya buɗe, in cusa masa ƙonanniyar roba, gobe in sake ba shi."

"Kai, Oga, ba kyau fa," in ji ta, amma dariya take.

"Ranar da ya gane, ya zauna a gida. Ni ma in huta da jigila."

Baba ya juya bakin a tafin hannunsa, ya dubi gindin. Haƙoran da ake murza shi da su a jikin inji sun shafe sumul. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙananan kusoshi, ya yi ta riƙe wannan bai lura ba. Ya koma kujerarsa a hankali, don kada ta yi ƙara.

Jim kaɗan Injiniya ya leƙo, yarinyar na bayansa tana toshe baki.

"Baba, yaya? Aiki fa ya tsaya, kai muke jira."

Baba ya dunƙule hannunsa. "Da saura, ɗan nan. Yau ya yi taurin kai. Ƙila sai gobe."

"To a dage, Baba."

Da suka tafi, ya sake kunna murhun. Ya tsinci guntuwar baƙar roba a ƙasa, ya narka ta, ya dinga danna ta cikin ramin da kan filaya. Ya ɗaga saitin taga: ba haske. Sannan ya ɗauki allurarsa.