Farfesa a Ɗakin Bakwaini

A gida ba mai ce mata Farfesa. Kaka ce kawai, mai faɗa in an bar famfo yana ɗiga. Amma a ƙuruciyarta, lokacin da mace a ɗakin bincike abin kallo ce, ta ƙarar da shekarunta tana nazarin yadda huhun jariri bakwaini ke buɗewa. Daga nan ta haɗa wata 'yar na'ura mai tura iska a hankali ta hancin jariri. Abokan aikinta suka yi ta dariya, wai kwalba ce da tiyo. Daga baya asibitoci suka yi rububinta.

Ranar da jikarta ta haifi ɗa kafin lokaci, Kaka ta ɗauki sandarta ta bi 'yarta asibiti. Aka sa su wanke hannu har gwiwa, aka shigar da su ɗaki mai ɗumi. Yaron na cikin akwatin gilashi, bai fi tafin hannu biyu ba, ƙirjinsa na sama da ƙasa. A gefensa ruwa na ɓulɓulowa cikin wata roba. Tun daga bakin ƙofa Kaka ta gane sautin.

Wani matashin likita ya matso. "Mama, kada wayoyin nan su tsorata ki. Wannan abin taya shi numfashi yake yi."

"To, ɗana. Yaya yake aiki?"

Ya yi mata bayani dalla-dalla, kamar yana magana da yarinya. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. "Wata tsohuwar farfesa ce ta fara haɗa shi. Ina jin ma ta rasu."

"Allah ya jiƙanta," in ji Kaka, ta mintsini 'yarta da ke shirin buɗe baki.

Sai ta sunkuya ta duba sosai. An canza bututun hancin. Nata mai tauri ne, yakan bar wa jarirai ciwo, kuma har ta bar aiki ba ta samo maganin hakan ba. Wannan kuwa laushi gare shi, ya kwanta luf. Wani ɗan kishi ya soke ta, sannan ya wuce, daɗi ya maye gurbinsa.

"Wa ya gyara nan?"

"Malamarmu ce da ɗalibanta."

"Ta fi marigayiyar basira."

Nan 'yar ta kasa daurewa. "Likita, marigayiyar ce fa a gabanka!"

Ya dubi Kaka, ya dubi na'urar, ya rasa inda zai sa kansa. Kaka ta yi dariya har sandarta ta faɗi.

"Kwantar da hankalinka. Tunda ba ka sa an raba gadona ba, na yafe."

Yaron ya yi ta samun ƙarfi, aka cire masa bututun, ya soma tsala kuka mai cika ɗaki. Ranar sallama likitan ya zo da malamarsa, wata mai furfura kaɗan, ta riƙe hannun Kaka ta ƙi saki. Ta roƙe ta ta zo ta yi wa ɗalibai magana.

"Zan zo," in ji Kaka, tana gyara wa jaririn hula. "Amma ku tanadar mini kujera, kuma ke za ki fara. Ina da tambayoyi da yawa."